Kalacin hantsi a ƙarƙashin itatuwan tuffa

Ni ɗan mai lambu ne, kuma na shafe shekaru masu yawa ba na son a san haka. Mahaifina, Allah ya jiƙansa da rahama, yana da lambu a wani ƙauye na yankin Kura a Jihar Kano, inda ruwan madatsar Tiga yake bi ta magudanai yana shayar da gonakin rani. A cikin wannan lambu ya ƙare kusan dukkan rayuwarsa, tsakanin mangwaro da gwaiba da lemo da ɗan gefen da yake shuka tumatir da albasa, kuma duk wanda yake son mangwaro mai aure a ƙauyukan da ke kewaye da mu, wurinsa yake zuwa, domin an san hannunsa yana da kyau, abin da ya haɗa da wuya ya ƙi kamawa.

Baba ba ya karyawa da sassafe. Da an idar da sallar asuba zai kurɓi ruwa, ya saɓa fartanya ya fita, ba zai ɗanɗana komai ba sai hantsi ya dubi ludayi, lokacin da Inna za ta aiko da abinci. Wata rana koko da ƙosai ne, wata rana ɗumamen tuwo da miyar kuka da ɗan man shanu, wata rana kuma fura ce a ƙwarya an rufe ta da faifai. Ni ne ɗan aiken tun ina shekara bakwai. Zai shimfiɗa buhu a gindin wani babban mangwaro Binta Siga da ke tsakiyar lambun, ya wanke hannu a magudana, sannan ya ɗaga murya ya kira duk wanda idonsa ya kai gare shi, ko ɗan ƙwadago ne, ko makiyayin da ke wucewa, ko dillalin da ya zo daga kasuwar 'Yan Lemo yana taya amfanin lambun. Ba ya gaggawa a kan wannan abinci. Yakan ce aikin safe ya riga ya biya kuɗinsa, saboda haka a zauna a ci shi cikin natsuwa.

Da na shiga makarantar koyon aikin jinya sai na daina zuwa lambu, na fara ganin buhun nan da ƙwaryar nan a matsayin abin da na tsere wa. Idan abokai suka tambaye ni sana'ar mahaifina sai in ce ɗan kasuwa ne, wanda ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, amma na san abin da nake ɓoyewa. A watan Satumba na 2022, bayan takarduna na tafiya Ingila sun kammala, na je ƙauye yin sallama. Na same shi a lambu da misalin ƙarfe goma, yana ɗaure wani dashe da tsinken leda. Ya ce, "Zauna mu karya, abinci yana nan tafe." Na ce, "Baba, mota tana jirana a bakin titi, akwai sauran abubuwan da ban haɗa ba." Bai ja maganar ba. Ya tsinko gwaiba ya cika mini leda, ya dafa kaina ya yi mini addu'a, ya ce Allah ya kiyaye hanya. A kan hanyar fita na yi kiciɓis da ƙanena yana ɗauke da kwanon abincin, na wuce shi ina duba agogo. Ganina da mahaifina na ƙarshe ke nan.

Na sauka Ingila a watan Oktoba, aka tura ni wani asibiti a yankin Kent, kudu maso gabas da Landan. Bayan na ci jarrabawar da ake yi wa ma'aikatan jinya na ƙasashen waje, yawancin aikina ya koma na dare, sa'a goma sha biyu a tsaye, daga takwas zuwa takwas. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, saboda haka nakan kwanta gari bai gama wayewa ba, in farka duhu ya riga ya shigo. A cikin wannan hali, wata safiya ta Janairun 2023, na buɗe akwatin ajiyar kayana bayan tashi daga aiki na tarar da kiran waya rututu daga gida. Baba ya rasu cikin dare bayan gajeriyar rashin lafiya, kuma kafin in kai ga kiran ƙanena har an fito da shi ana shirin yi masa salla. Na tsaya a bakin asibitin cikin sanyi ina sauraron hayaniyar masu jana'iza ta waya. Daga ranar abincin safe ya fita daga raina. Ba niyya na yi ba, kawai dai da na kai loma baki da safe sai maƙogwarona ya toshe, don haka na koma shan baƙin shayi in kwanta. Azumin wannan shekarar, wanda aka fara a ƙarshen Maris, ya rufa mini asiri, domin babu wanda zai tambayi mai azumi dalilin ramarsa.

Wanda bai ruɗu ba shi ne wani dattijo mai tura gadajen marasa lafiya a sashenmu, haifaffen Kent, wanda ya kusa yin ritaya. Mutum ne mai ƙarancin magana, kuma yana kirana da kalmar da dattawansu suke kiran matashi da ita, wadda ta yi daidai da "yaro" a wurinmu. Ni kuwa ban iya kiran mai furfura da gatsal ɗin sunansa ba, ko da yake haka al'adarsu take, sai na riƙa ce masa Baba, na bayyana masa ma'anar, ya karɓa. Mako biyu bayan ƙaramar salla, a farkon watan Mayu, muna fitowa daga aikin dare sai ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Yaro, azuminku ya ƙare, amma rigarka tana ƙara yi maka yawa. Shiga mota." Na so in kawo uzuri, sai na tuna uzurin da na taɓa kawowa, na yi shiru na shiga.

Mun yi tafiyar kusan rabin sa'a zuwa wajen garin Faversham, ta wasu 'yan siraran hanyoyi da shingen ganye ya rufe ta ɓangare biyu, waɗanda idan mota biyu suka haɗu sai ɗaya ta ja baya. Jefi-jefi mukan wuce wasu dogayen ɗakuna masu zagaye kamar rumbu, da tsinin rufi da farar hula a ƙoli, ya ce a da a cikinsu ake busar da wani fure da ake sawa a giya, kuma mahaifiyarsa ta yi aikin tsinkar furen da na ceri tun tana yarinya. Wurin da ya kai ni tsohon sito ne na tattara amfanin gona da aka mayar gidan shayi, gefe guda kuma ana sayar da ƙwai da zuma da kwalaben ruwan tuffa. Bayan siton aka jera tebura na katako a kan ciyawa, a tsakanin layukan itatuwa, kuma itatuwan duka sun yi fure, fari da ratsin ja-ja, ganye bai gama fitowa ba. Ban taɓa ganin itacen tuffa ba sai ranar. Tuffa a sanina ita ce wadda ake jerawa a faranti a bakin asibiti ana sayarwa ɗaya ɗaya da tsada, a kai wa maras lafiya. Abin da ya fara kama ni ma ba furen ba ne, ƙarar ƙudan zuma ce, wadda ta cika wurin kamar ana kaɗa wani abu daga nesa.

A jikin bango akwai baƙin allo da aka rubuta abinci da alli, kashi biyu. Na farko karin kumallo ne da ake dainawa da ƙarfe goma, na biyu kuma an rubuta masa brunch, daga goma har bayan azahar. Dattijon ya ce kalma ce da aka haɗa daga sunan abincin safe da na rana, kuma daga baya na karanta cewa tun a 1895 ta fara fitowa a wata mujalla a Ingila, a matsayin abincin ranar Lahadi na waɗanda suka makara a barci. Na yi murmushi a raina, domin abin da Turawa suka ƙirƙira wa suna saboda masu dogon barci, shi ne manomin Hausa yake ci bayan ya yi aikin sa'a huɗu. Ni dai kalacin hantsi na kira shi, kuma har yau haka nake kiransa.

Sai dai zaɓar abin da zan ci ya zama aiki. Cikakken karin kumallon Ingilishi, wanda shi ne abin alfaharin irin waɗannan wurare, rabinsa alade ne: yankakken nama mai gishiri, da sosej, da wani baƙin abu mai zagaye wanda ake yi da jini da kitse da hatsi. Sauran kuwa ƙwai ne, da wake cikin miyar tumatir mai zaƙi, da gasasshen tumatir, da soyayyen dankali, da burodi, da laimar kwaɗi, wadda a garinmu ko akuya ba ma so ta ci. A allon akwai kuma wani abin sha na tuffa da suke kira saida, na kusa nema, dattijon ya riƙe hannuna ya ce a Ingila wannan giya ce, ruwan tuffa zalla yana da nasa suna dabam. Na tambayi matar da ke karɓar oda ko a kan ƙarfe ɗaya ake soya ƙwai da naman. Na yi zaton za ta ɓata rai, amma sai ta ce haka ne, kuma ta ba ni shawara in ɗauki ƙwan da ake fasawa cikin tafasasshen ruwa, tumatir da sauran kuma za ta sa a yi mini a wani kasko mai tsabta. Ta ƙara da cewa akwai kunun hatsin da suke kira ot, da dafaffiyar tuffa ta lambun a kai. Dattijon ya ce a kawo duka biyun.

Kunun aka fara kawowa, a cikin farin kwano mai zurfi, yana tururi. Ya fi koko kauri nesa ba kusa ba, an dama shi da madara, a tsakiya an zuba tuffar da ta narke ta zama kamar fate, launin ruwan zuma, da zuma ta gaske an zagaya a bakin kwanon. Na ɗebi cokali ɗaya ina jiran maƙogwarona ya toshe kamar kullum. Abin da na ji shi ne tsami, tsami mai kaifi da ya ratsa zaƙin zumar ya taɓo can gefen muƙamuƙi, irin tsamin kunun tsamiya idan Inna ta sake hannu. Na haɗiye, na sake ɗiba. Wani fure ya faɗo cikin kwanon, na cire shi da gindin cokali na ci gaba. Kafin a kawo ƙwai da burodi na share kwanon tas, dattijon kuwa yana ta fama da nasa farantin, bai ɗago ya dube ni ba ko sau ɗaya, kuma na san da gangan ya yi.

Ina cikin shan shayi idona ya sauka a kan gindin itacen da ke kusa da ƙafata. Kamar taƙi ɗaya daga ƙasa akwai wani kumburi kamar gwiwa, ɓawon da ke ƙasa da shi dabam, na sama dabam. Na dubi na gaba da shi, shi ma haka, na bi layin da ido har ƙarshe, babu wanda ba shi da gwiwar nan. Ban san lokacin da na ajiye kofin na durƙusa na shafa wurin ba. Na ce, "Baba, ai waɗannan itatuwan duka masu aure ne." Bai gane ba sai da na yi masa bayani, ya yi dariya ya ce bai taɓa jin an kira abin da aure ba, ya ɗaga hannu ya kira wani tsoho mai takalmin roba da ke wucewa da almakashin sassabe, wanda ashe shi ne mai lambun.

Tsohon ya tsugunna kusa da ni, ya tambaye ni inda na koyi gane wannan. Na buɗe baki, a karo na farko cikin shekaru masu yawa na ce mahaifina mai lambu ne, mangwaro yake aurarwa. Daga nan hira ta ɓarke. Ya ce ƙwallon tuffa ba ya gadon uwarsa, idan ka shuka shi abin da zai fito wani iri ne dabam, galibi maras daɗi, don haka duk tuffar da ke da suna ta hanyar aure ake yaɗa ta. Wadda na ci a kunu sunanta Bramley, tuffar girki ce mai tsamin da ba a cika cin ta ɗanya ba, kuma asalinta itace ɗaya ne tak, wanda wata yarinya mai suna Mary Ann Brailsford ta shuka ƙwallonsa a garin Southwell a 1809. Duk wata Bramley da ke duniya reshe ce daga reshen wannan itace. Gindin da ake ɗora reshen a kai kuma shi ne yake yanke tsawon itacen, ya ce, shi ya sa sababbin layukansa ba su fi a miƙa hannu a tsinka ba, domin an ɗora su a kan wani gindi mai suna M9 da aka tantance a cibiyar binciken itatuwa ta East Malling, nan cikin Kent, wadda aka kafa a 1913. Na gaya masa cewa mahaifina yakan ce gindi shi ne ango, reshen da aka kawo daga wani gida kuma amarya, idan ɓawo bai sadu da ɓawo ba aure ba zai zauna ba. Tsohon ya buga cinyarsa ya ce shekara hamsin yana wannan aiki bai ji wanda ya faɗe shi daidai haka ba. Ya tambaye ni ko mahaifin nawa yana nan da rai. A nan ne abin da na riƙe tun Janairu ya ƙwace mini, a gaban Turawa biyu da farantin ƙwai. Babu wanda ya ce uffan. Mai lambun ya tafi ya dawo da sabuwar butar shayi, ya ajiye, ya koma bakin aikinsa.

Da daddare na kira Inna na ba ta labari. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, sai ta ce, "Kai wannan, ashe har can ma lambun ya bi ka? To, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ka dai ci abinci ko?" Na ce na ci, har kwano biyu. Ta ce alhamdu lillahi, ta miƙa wa ƙanena wayar, kuma na ji a muryarta cewa ba don maganar ta ƙare ba ne.

Daga nan zuwa lambun ya zame mana al'ada, duk mako biyu, ranar da muka gama jerin kwanakin aikin dare. Ba zan ɓoye ba, wurin yana da tsada. Kwanon kunu da ƙwai da shayi sukan ci mini kusan fam goma sha biyar, kuma duk wanda yake tura kuɗi gida ya san ciwon da ke cikin juya irin wannan adadi zuwa naira. Na daina juyawa. Na ga furen ya zube, 'ya'yan suka fito kamar goruba ƙanana, na ga ana rage su da hannu don sauran su yi girma, na ji fargabar mai lambun game da sanyin dare mai daskarar da raɓa, wanda idan ya sauka lokacin fure yakan kashe amfanin shekara guda. Shi ne kuma ya tura ni gonar Brogdale da ke gefen Faversham, inda ake adana irin tuffa sama da 2,000, kowane iri itace biyu, kuma ya nuna mini hanyar ƙauyen Teynham, inda mai kula da 'ya'yan itatuwan Sarki Henry na Takwas, Richard Harris, ya dasa manyan lambuna a 1533. Abin da ya fi tsaya mini a rai duk da haka shi ne ɗakunan ajiyar mai lambun masu sanyi, waɗanda ake rage musu iskar shaƙa don tuffa ta yi watanni ba ta lalace ba. Na tuna tulin mangwaron da ke ruɓewa a 'Yan Lemo duk shekara, da yadda dillali yake karya wa Baba farashi saboda ya san kayan ba za su kwana uku ba.

A watan Satumba, lokacin tsinka, na ga wani ɓangare na lambun da masu cin abinci a tebur ba sa lura da shi. Can ƙarshen layuka akwai matasa da jakunkuna rataye a ƙirji, suna tsinka suna juyewa a manyan akwatunan katako, tun kafin a buɗe gidan shayin. Wata rana na wuce kusa da su lokacin da suka zauna hutun hantsi a kan ciyawa, na ji ɗaya ya yi bisimilla kafin ya gutsuri burodi, sai na yi sallama. Gaba ɗaya suka amsa, suka matsa mini wuri. Mutanen Uzbekistan da Kirgistan ne, sun zo da bizar aikin gona ta wata shida wadda Birtaniya ta fara bayarwa a 2019, kuma sun yawaita ne bayan yaƙin Yukiren ya hana mutanen can zuwa. A cikin wasu ɗakunan tirela suke kwana a bayan gonar. Turancinsu kaɗan ne, amma ɗaya ya ɗaga tuffa ya ce "alma", ya nuna gabas, ya bugi ƙirji. Daga baya na fahimci abin da yake nufi: kakannin tuffar da duniya take ci daga duwatsun yankinsu suka fito, har sunan birnin Almaty na Kazakistan yana da alaƙa da wannan kalma. Suka zuba mini koren shayi a murfin fulas, babu madara babu sukari, suka ba ni burodi da tumatir da gishiri. Abin da na lura da shi, kuma bai yi mini daɗi ba, shi ne ban taɓa ganin ɗayansu a kan teburan nan na katako ba, alhali tazarar ba ta kai taku ɗari ba. A lambun Baba ɗan ƙwadago da dillali da mai lambu ƙwarya ɗaya suke sa wa ludayi. Na faɗa wa mai lambun haka, ya yi shiru, ya ce yana aika musu da abin da ya rage na burodi da kek duk yamma. Ban ce masa ba abu ɗaya ba ne, amma ina jin ya gani a fuskata.

Da hunturu aka shigar da teburan cikin sito, kusa da murhun itace, itatuwan suka zama ƙirare kamar sun mutu. Mai lambun ya ce wannan sanyin shi ne abincinsu, tuffa ba ta fure sosai sai ta sha sanyi mai tsawo, wanda ya kashe mini tunanin da na fara yi na kai irinta Kura. A ƙarshen Fabrairun 2024, saura kwanaki kaɗan a fara azumi, bayan mun gama kalaci sai ya ce in biyo shi. A kan wani benci ya jera gindi goma da damin rassa masu kaurin fensir da ya yanka tun tsakiyar hunturu ya adana a sanyi, ya miƙo mini wuƙa mai kaifi ta fuska ɗaya. Salon Baba shi ne a tsaga kan dashen, a fere reshen ta gefe biyu kamar bakin gatari, a cusa, a naɗe da leda. Nasu kuwa a yi wa gindi da reshe doguwar yanka a karkace, tsawon gaɓar yatsa biyu, sannan a ƙara wata 'yar tsaga a tsakiyar kowace yanka ta zama harshe, a saƙala harshe cikin harshe har koren da ke ƙarƙashin ɓawon wannan ya kwanta a kan na wancan, a naɗe, a shafe kan reshen da kaki, a bar masa ido uku. Yankata ta farko ta yi tudu da kwari, ya karɓa ya jefar. A ta biyu sai na daina tunani, na kafa gwiwar hannu a haƙarƙari, na ja wuƙar zuwa jikina da ja ɗaya kamar yadda na ga ana yi sau dubu ina riƙe da kwanon koko, ta fita sumul. Tsohon ya ɗaga ta sama ya duba ta a hasken taga, ya miƙo mini reshe na gaba bai ce komai ba.

Ban koma ba sai bayan salla, a farkon Mayu, shekara guda cif da zuwana na farko. Dattijon nawa ya riga ya yi ritaya, amma shi ya zo ya ɗauke ni. Kafin mu zauna na zagaya bayan sito inda aka jera tukwanen. Bakwai daga cikin goma sun fasa ido, ganye ƙanana masu laushi sun fito a saman ledar, uku kuma sun bushe, mai lambun ya ce biyu daga ciki laifin gindin ne, ɗaya nawa. Muka koma tebur, aka kawo kunu da tuffar bara daga ɗakin ajiya. Ina kai cokali na biyu wayata ta yi ƙara, ƙanena ne ta bidiyon WhatsApp, yana tsaye a lambun Kura, bayansa Binta Sigar nan ta yi nauyi har rassanta suna taɓa ƙasa, ga buhu a shimfiɗe, ga ɗansa yana ajiye kwano. Ya ce, "Yaya, dashen da Baba ya bari sun isa aure, ni kuma hannuna ba ya kamawa, na gwada biyar duk sun mutu." Na ce ya nuna mini wuƙar da yake amfani da ita. Ya ɗago wata wuƙar yanka albasa. Na ce ya shiga ɗakin Baba ya duba saman taga, akwai aska a naɗe cikin tsumma, ya wasa ta a dutse har sai ta aske gashin hannu, sannan ya sake kirana. Na jingina wayar da butar shayi, na jawo kwanona, na ce wa dattijon ya ƙara mana oda domin za mu daɗe a nan.